Mary Anning da William Conybeare: wa ya fi tasiri, mai tono ko mai rubutu?

Malam, ka tambaya cewa a farkon binciken burbushin halittun teku a Ingila, tsakanin Mary Anning da William Conybeare wa ya fi tasiri, tunda ka duba ka ga shi yana da maƙalu da littafi, ita kuwa kusan babu abin da aka buga da sunanta. Amsar tana ga irin mudun da ka auna da shi, kuma mudun ƙirga maƙalu yana da ɓula a gindi idan aka kai shi shekarun 1820.

Mu fara da ƙirgen, tunda nan ka fara. Conybeare, wanda ya rayu daga 1787 zuwa 1857, limamin cocin Ingila ne da ya yi karatu a Okisfod. A 1821 shi da Henry De la Beche suka buga maƙala a mujallar Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan, inda suka fayyace ƙirar iktiyosor, wata dabbar teku mai siffar kifi amma dangin ƙadangare, suka kuma raɗa wa wata sabuwar dabba suna Plesiosaurus. A 1822 ya ƙara wata maƙalar da ta rarrabe nau'o'in iktiyosor ta hanyar duba haƙora, kuma a shekarar ya fitar da littafi kan shimfiɗun duwatsun Ingila da Wales tare da William Phillips. A 1824 ya bayyana cikakken ƙwarangwal ɗin plesiyosor. A 1844 ƙungiyar ta ba shi lambar yabo ta Wollaston, mafi girma da take bayarwa.

Mary Anning, 1799 zuwa 1847, 'yar kafinta ce mai tono burbushin halittu a Lyme Regis, wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Dorset na Ingila. Abin da aka buga nata a mujallar kimiyya tana raye guda ɗaya ne tak: wani yanki na wasiƙa a 1839, tana gyara wa mujallar wata magana kan burbushin kifin nan Hybodus. Idan a nan aka tsaya, an gama shari'a.

Sai dai ka tambayi kanka, a kan me Conybeare ya yi rubutun 1824? A kan ƙwarangwal ɗin da Mary ta tono a Disamba 1823. Abin da ya bayyana a 1821 gutsattsari ne, ya haɗa su ya yi hasashen siffar dabbar. Da cikakken ya fito, sai ga ɗan ƙaramin kai a kan wuya mai gaɓoɓi 35. Ka tuna ɗan Adam da saniya, har raƙumin dawa da duk tsawon wuyansa, gaɓoɓi 7 gare su. Georges Cuvier na Faris, wanda a lokacin maganarsa kan ƙasusuwa kamar hukunci take, da ya ga zanen sai ya yi zargin an haɗa kan wata dabba da jikin wata. Daga baya ya yarda cewa abin gaskiya ne. Ranar 20 ga Fabrairu 1824 Conybeare ya gabatar da shi a taron ƙungiyar da sunan Plesiosaurus dolichodeirus, a zaman da William Buckland, masanin duwatsu na Okisfod, ya gabatar da dinosor ɗin nan Megalosaurus. Bai ambaci sunan Mary ba. Ita ba ma za ta iya zama mambar ƙungiyar ba, domin sai 1919 aka fara karɓar mata.

A nan mutum zai so ya ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Conybeare ba ɗan kallo ba ne. Kwatanta haƙarƙari da haƙarƙari, ƙafa da ƙafa, tsakanin dabbar da ta ɓace da kada da ƙadangare na yau, aiki ne na gaske, kuma hasashensa na 1821 ya tabbata a mafi yawan wurare da cikakken ƙwarangwal ya bayyana. Mary kanta ta san darajar aikin: ta kwafe maƙalarsa ta 1824 da hannunta, har da zane-zanen, don ta riƙa amfani da ita.

Wanda zai nuna maka ɓular mudun shi ne mutum na uku, Everard Home, babban likitan fiɗa na Landan. Shi ya fara rubutu kan iktiyosor ɗin da Joseph Anning, wan Mary, ya sami ƙoƙon kansa a 1811, Mary ta sami sauran jikin a 1812, dabba mai tsawon kimanin mita 5 da aka saya daga hannunsu a kan kimanin fam 23. Daga 1814 Home ya jera maƙalu shida a mujallar Royal Society. Ya ce kifi ne, ya koma yana danganta shi da wata dabbar Ostareliya mai bakin agwagwa, a 1819 ya raɗa masa suna Proteosaurus. Sunan bai rayu ba. Na Charles Konig, Ichthyosaurus, shi ya zauna. Maƙalu shida a mujallar da ta fi kowace daraja a ƙasar, amma kusan babu abin da ya tsaya daga fassararsa. Mai ƙirga kawai zai ɗora Home a kan Conybeare a wannan batu, kuma ya yi kuskure.

To yanzu ɓangaren Mary, wanda ya fi wuyar aunawa, don haka muka fi tsayawa a kansa. Gangaren duwatsun Lyme, irin su Black Ven da Church Cliffs, shimfiɗu ne na farar ƙasa mai tauri da laka mai ɓarewa falle-falle, daga farkon zamanin Jurasik, kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce. Lokacin aikin shi ne hunturu, bayan guguwa ta zaftare gangaren. Ana fita idan ruwan teku ya ja baya, kuma sa'o'i kaɗan ake da su kafin ya dawo; abin da ba a kwashe yau ba, igiyar ruwa za ta tarwatsa shi gobe. Ba a zare ƙashi ɗaya-ɗaya. Ana yanko falalen dutsen da ƙwarangwal yake ciki, a kiyaye yadda kowane yanki yake haɗuwa da ɗan'uwansa, a kai gida a kankare dutsen a hankali, sannan a kafa shi cikin katako da siminti. Inda ake ɓaci a fili yake: lakar tana tsattsagewa idan ta bushe da sauri, gaɓoɓin wuya ko na wutsiya suna iya rikicewa a jeri, kuma burbushin da ke ɗauke da ma'adinin nan mai ƙyalli, fairait, yana rubewa ya zama gari idan ya sha laima. A 1833 zaftarewar ƙasa ta kashe karenta, ita kuma da ƙyar ta tsira.

Muhimmancin wannan ga ilimi shi ne, mai rubutu a Landan bai ga dabbar a cikin ƙasa ba. Abin da aka kawo masa shi zai ƙirga. Idan mai gyara ya ƙara gaɓa biyu ko ya juya ƙafa, kuskuren zai shiga maƙala, daga maƙala ya shiga littattafai. Ba zato ba ne: tarin Thomas Hawkins da Gidan Tarihi na Birtaniya ya saya a 1834 an gano an cike wasu sassan ƙwarangwal ɗinsa da filasta, aka shafa launi, har abin ya zama abin kunya ga waɗanda suka yi masa kuɗi. Amincin hannun Mary shi ne ginshiƙin da maƙalun wasu suka tsaya a kai, kuma babu ma'aunin ambato, wato lissafin sau nawa wasu marubuta suka ambaci aikin mutum, da ke ƙirga wannan.

Ba tono kaɗai ta yi ba. Ta lura cewa wasu dunƙulallun duwatsu suna yawan fitowa a daidai cikin iktiyosor, kuma idan aka fasa su ana samun ƙayar kifi da ɓawonsa. Kashi ne da ya zama dutse (kashi fa, ba ƙashi ba). Buckland ya buga wannan a 1829, kuma shi ya ambace ta. Ta gano jakar tawada a cikin burbushin belemnait, dangin dorinar ruwa, har ƙawarta Elizabeth Philpot ta jiƙa tawadar ta yi zane da ita. A Disamba 1828 ta sami dabba mai fuka-fuki dangin ƙadangare, ta farko da aka samu a wajen Jamus, wadda a yau ake kira Dimorphodon. Louis Agassiz, da ya zo Lyme a 1834 yana nazarin burbushin kifaye, ya sa wa nau'i biyu sunanta.

Idan kana son auna irin wannan da kanka, ga yadda ake bi. Da farko duba sunan da ke bayan sunan kimiyya: Plesiosaurus dolichodeirus Conybeare, 1824. Ƙa'ida ita ce a rubuta wanda ya fara bayyana dabbar a rubuce, ba wanda ya tono ta ba. Haka yake a wajenmu ma: dabbar tekun da aka samu a yankin Sakkwato, W. E. Swinton ya bayyana ta a 1930, a 1972 masana daga Italiya suka sake mata suna Goronyosaurus don garin Goronyo, kuma sunayen marubutan ne ke manne da ita. Bayan haka ka shiga cikin maƙalar ka nemo wane samfuri aka auna, ka bi shi zuwa rajistar gidan tarihin da yake ajiye. Nan ne tarko: rajistocin lokacin sunan wanda ya saya ya bayar ko ya sayar suke rubutawa, shi ya sa kayan Mary da yawa suke ɗauke da sunayen attajirai irin Thomas Birch. Sai ka koma wasiƙu da takardun gwanjo kafin ka gano hannun farko. Irin aikin da masanin tarihi Hugh Torrens ya shafe shekaru yana yi ke nan.

Kada kuma ka ɗora wa mutanen 1820 ma'aunin yau. Kundin ƙirga ambato na Eugene Garfield a 1964 ya fara fita, ma'aunin Hirsch, mai auna masani da yawan maƙalunsa da ambatonsu, kuma a 2005. A zamanin Conybeare ra'ayi yakan yi tafiya ta wasiƙa da ziyara da baki kafin ya kai ga bugu, kuma masana sukan je Lyme su bi Mary bakin teku su koma da abin rubutawa.

A ganinmu, wajen ba da suna da tsara bayani Conybeare ne gaba, ba a kusa. Wajen samar da hujjar da ta tilasta wa masana yarda cewa an yi dabbobin da suka ɓace gaba ɗaya, Mary ce, kuma maye gurbinta ya fi wuya: akwai Buckland da De la Beche da za su iya rubuta maƙalar 1824, amma ƙwarangwal ɗin da ba a ɗauke ba a wancan hunturun da teku ta cinye shi. Masanan kansu sun san haka. De la Beche ya zana hoton tekun Dorset na dā a 1830 bisa abin da ta tono, aka sayar da bugunsa aka ba ta kuɗin. Buckland ya nema mata fansho na fam 25 a shekara. Da ta rasu, De la Beche, yana shugaban ƙungiyar da ba ta karɓe ta ba, ya karanta ta'aziyyarta a 1848 aka buga a mujallarsu. Nau'in iktiyosor mai ɗauke da sunanta, Ichthyosaurus anningae, sai 2015 Dean Lomax da Judy Massare suka raɗa shi.