Gargaɗi: kafin ki tura kuɗin tiyatar rage ƙiba ga wadda kika sani a Instagram kawai

Assalamu alaikum. Sai da na nemi izinin Yayata kafin na rubuta wannan, ta ce in rubuta amma kar in kama suna. Kuɗinta sun riga sun tafi, abin da ya rage shi ne kar na wata su bi sahu.

Yaya tana da kilo 118, tsayinta mita 1.62. Ga ciwon suga, ga gwiwa da ta kai sai a kujera take salla. Ba gayu ne ya kai ta neman tiyata ba, larura ce. Ta sha shayin rage teɓa kala-kala, ta ɗaura bel, ta yi watanni ba ta cin tuwon dare, duk a banza. Ana cikin haka ta ci karo da wani shafi a Instagram mai hotunan mata, wannan gefe da ƙiba, wancan gefe sun zama kamar 'yan mata. Daga ƙasa an rubuta cewa suna kai mutane Turkiyya a yi musu "silif", wato tiyatar rage girman tumbi, biza da tikiti da otal da tafinta duk cikin kuɗi ɗaya.

Ta yi magana, nan take aka mayar da ita WhatsApp. Mace ce, Hausa tsantsa a bakinta, ta ce ita ce ko'odineta. Na saurari saƙonnin muryarta daga baya, wallahi ko ni da na san ƙarshen labarin sai da na ji kamar in yarda da ita. "Hajiyata, kar ki damu, kwana biyar kin dawo gida. Ni kaina an yi min." Ba ta tambayi Yaya maganin da take sha ba. Ba ta tambayi awon suganta ba, ko an taɓa yi mata aiki a ciki, alhali haihuwa biyu aka yi mata da tiyata. Hoton fasfo ta nema, sai hoton Yaya a tsaye. Bayan awa biyu ta dawo ta ce likita ya duba ya amince. Da Yaya ta tambayi sunan likitan, sai ta ce ai suna da farfesoshi da yawa, sai an je za a ga wanda ke aiki ranar.

Sai maganar rangwame. Wai gurbi biyu ya rage, ranar Juma'a za a rufe, a ba da rabin kuɗin kafin alƙalami. Ta turo takarda mai tambarin wani babban asibiti a Istanbul, amma lambar asusun da ke ƙasa ta banki ce a nan Najeriya, da sunan wani namiji. Yaya ta sayar da awarwaronta biyu na zinare ta tura. Sai bayan alat ya fita ta gaya min, don ta san zan yi surutu.

Abin da na yi bai ɗauke ni minti goma ba. Na nemi shafin asibitin da kaina, ba ta mahaɗin da matar ta turo ba, na samu imel na ofishinsu mai kula da marasa lafiya 'yan ƙasar waje, na tura musu takardar. Amsa ta zo cewa ba su san matar ba, ba su san kamfanin ba, takardar kuma ba tasu ba ce. Yaya ta tura mata amsar tana neman bayani. Ta karanta, alamar nan biyu ta koma shuɗiya, daga nan hotonta ya ɓace. An yi bulokin ɗinmu mu duka.

Duk da haka, a ganina Yaya ta tsira da sauƙi, domin dillalan nan iri biyu ne. Akwai mai cin kuɗi ya gudu. Akwai kuma wanda zai kai ki da gaske, kuma shi na fi tsoro.

Wata maƙwabciyarmu ta je ta hannun irin na biyun. Ta sauka da dare, washegari da safe aka shiga da ita, takardun da ta sa wa hannu ko kalma ɗaya ba ta karanta ba don ba da yaren da take ji aka rubuta su ba. Likitan da ya yi aikin sau ɗaya ta gan shi, tana kan gadon da ake turawa. Ranar ta biyar tana cikin jirgi. Kwana biyu da dawowarta na shiga gaishe ta, na same ta a kishingiɗe tana haki, gumi ya jiƙa ɗankwalinta, kofin romo a gefe ko kurɓa ba ta yi ba. Tana ta dafa kafaɗarta ta hagu tana cewa nan ne ke mata ciwo, ba cikin ba. 'Yarta ta nuna min amsar ko'odinetarsu: iska ce, ta sha farasitamol ta riƙa zagaya tsakar gida. Allah ya sa mijinta bai biye ba, ya kai ta asibiti a daren. Ɗinkin ne ya yi yoyo, abin da ke cikin tumbi yana zuba cikin cikinta. Likitocin nan suka nemi rahoton aikin da aka yi mata, babu. Takarda ɗaya ce a jakarta, ta jerin abincin da za ta ci. Ta yi makonni a kwance, kuma abin da aka kashe a nan ya ninka rangwamen da ya ja ta can.

Ba tiyatar nake zagi ba, ba kuma Turkiyya ko Masar ko Indiya ba. Akwai ƙwararrun likitoci a duk ƙasashen nan, aikin kuma yana ceton rai, har akwai masu ciwon suga da ke samun sauƙi sosai bayansa. Matsalar ita ce dillali yana sayar da shi kamar zuwa gyaran gashi. A silif ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a cire shi gaba ɗaya, ba a mayarwa. A "baifas" ana ware ɗan ƙaramin aljihu daga tumbin a haɗa shi da hanji can gaba. Balan-balan ɗin da ake sakawa a ciki na ɗan lokaci ne, yawanci wata shida. Wanne ya dace da ke, bincike ne ke faɗa. Mai fama da ƙwannafi, alal misali, silif na iya tsananta mata shi, shi ya sa likitan kirki yakan zura kyamara ya duba cikin kafin ya yanke shawara. Wanda ya zaɓa miki aiki daga hoton tsayuwa, la'adarsa yake lissafi.

Sannan ba kowa ake yi wa ba. Akwai ma'aunin ƙiba da ake kira BMI: ki raba nauyinki na kilo da tsayinki na mita sau biyu. Na Yaya ya kama 45. A ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni biyu, ASMBS da IFSO, suka fitar a 2022, ana ba da shawarar tiyata daga 35 zuwa sama, ko daga 30 in akwai ciwo irin na suga. Amaryar da ke son siket ya zauna mata kafin biki ba ta cikin wannan lissafi, amma dillali ba zai taɓa ce mata a'a ba. A 2023 BBC ta yi bincike ta gano 'yan Birtaniya bakwai da suka rasu bayan tiyatar rage ƙiba a Turkiyya tun daga 2019, ta kuma samu wasu asibitocin da suka yarda su yi wa mai nauyi daidai. Waɗannan fa mutane ne da ke da asibitin gwamnati kyauta da zai karɓe su in sun koma gida. Mu wa zai karɓe mu, kuma da kuɗin wa? Amurkawa ma sun ɗanɗana, a 2018 da 2019 hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, CDC, ta bi diddigin mutanen da suka dawo daga irin wannan tiyata a Tijuwana ta Meziko ɗauke da ƙwayar cutar da ba ta jin yawancin magunguna.

In kin ƙuduri yin aikin, fara da likitanki na nan, wanda ya san suganki da hawan jininki. Ki nemi cikakken sunan likitan da zai riƙe wuƙar, ki yi magana da shi ta bidiyo kafin ki biya ko sisi. Ki tambaye shi sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, mutum nawa ɗinkinsu ya yi yoyo a hannunsa, kuma ko asibitin na da ɗakin kulawa ta musamman a cikin gininsa. Likitan da ya ce bai taɓa samun matsala ba, ki tashi, domin ko a hannun gwanaye yoyon kan faru ga kimanin mutum 1 ko 2 cikin 100. Bambancin gwani shi ne yana gano shi da wuri.

Turkiyya tun 2017 ta wajabta wa asibitoci da kamfanonin dillanci masu karɓar baƙi mallakar takardar izini daga ma'aikatar lafiya, kuma ma'aikatar na wallafa sunayen masu ita. Ki tambayi ko'odineta sunan kamfanin da take wa aiki a can, ki duba. In an ce miki asibitin na da shaidar JCI, ƙungiyar da ke tantance ingancin asibitoci a duniya, su ma suna da jerin sunaye a shafinsu, tambari a kan takarda kuwa kowa na iya manna shi. In a Najeriya za a yi, likita sai mai rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, asibiti mai zaman kansa a Kano kuma sai wanda PHIMA, hukumar jihar mai kula da asibitoci masu zaman kansu, ta san da shi. Kuɗi kuma asusun asibiti ake tura wa, da rasit mai sunanki.

Tambayar da ta fi kashe musu baki ita ce: in na dawo gida, wa zai duba ni? Aikin awa ɗaya ko biyu ne, rainonsa kuwa har ƙarshen rayuwa. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, romo da kunu mai tsararo, sannan abinci mai laushi, kafin a kai ga 'yan lomomi. Za ki dawwama kan bitamin, musamman B12 da sinadarin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, tare da awon jini lokaci-lokaci. Amai in ya ƙi tsayawa yana iya ƙarar da bitamin B1 har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ana son mace ta yi wata 12 zuwa 18 ba ta ɗauki ciki ba, maganar da ya kamata a yi da maigida tun kafin a sayi tikiti. Azumin watan Ramadan na farko ma sai da shawarar likita. Ga zaman jirgi na sama da awa shida daga Istanbul zuwa Abuja da ɗanyen ɗinki, a daidai lokacin da jini ya fi saurin daskarewa a ƙafa ya tafi huhu. Duk cikin saƙonnin muryar da aka turo wa Yaya babu ɗaya daga cikin waɗannan, amma an ambaci yawon kasuwa sau uku.

Wadda kuma aka riga aka yi wa, kar ki baro can sai da rahoton aikin a rubuce da Turanci, da lambar likitan kansa. In kin dawo kika ji zuciya na gudu har ta kai 120 a minti, ko zazzaɓi, ko ciwon kafaɗar hagu, ko numfashi na sarƙewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ki tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kar ki tsaya jiran amsar WhatsApp.

Mun kai ƙorafi banki da wajen hukuma, da hotunan hirar da shaidar tura kuɗin, har yau muna jira. Yaya ta koma wajen likitan suganta, ya haɗa ta da mai tsara abinci, ya kuma rubuta mata takarda zuwa ga likitan tiyata da za ta zauna da shi ido da ido. Satin da ya wuce wata ƙawarta ta turo mata wani sabon shafi, wai ga masu araha ta samo mata. Suna daban, lamba daban, amma hoton farko matar nan ce mai jan mayafi da aka nuna wa Yaya, sai dai yanzu an ce a Alƙahira aka yi mata.