Kamfanin da ya sa mana makullan kati: dare ɗaya ya wanke su, amma da sauran magana

Ni ke kula da ginin ofisoshinmu, bene mai hawa huɗu, ƙofofi 18 da ba sa buɗuwa sai da kati. Kamfanin da ya haɗa mana tsarin a 2017 shi muke tare da shi har yau. In faɗi gaskiya, yawancin abin da ke haɗa ni da su rigima ce kan kuɗin kulawa na shekara-shekara. Kullum gani nake muna biyan mutane su zo su hura ƙura, su danna maɓalli biyu, su miƙo takarda in sa hannu. Yanzu da lokacin sabunta kwangila ya sake zagayowa, abokan aiki da ke shirin sa irin wannan tsari suna ta tambayata ko in ba su sunan kamfanin, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani.

A 2022 na riga na yanke shawarar rabuwa da su. Har na karɓi takardar farashi daga wani sabon kamfani da ya yi min daɗin baki, na ajiye ta a aljihun tebur ina jiran kwangilar ta ƙare. Sai wani dare aka yi ruwa da tsawa. Wajen ƙarfe sha ɗaya mai gadi ya kira ni muryarsa na rawa: "Yallaɓai, ƙofar baya ta saki kanta, ɗakin kwamfutoci kuma ya ƙi buɗuwa, ga wani wari na tashi." Wanda bai san harkar ba zai ce aljanu ne, amma haka aka tsara su. Makullin maganadisu da ke ƙofofin fita yana riƙewa ne da wuta, da ta yanke sai ya saki, don kada gobara ta rutsa da mutane a ciki. Na ɗakin kwamfutoci kuwa irin wanda ke zama a kulle ne idan wuta ta ɗauke. To ga shi inda nake so a rufe yana hangame, inda nake so in shiga ya ƙi.

Da na iso na buɗe akwatin ƙarfen da ke bango, warin ƙonanniyar roba ya buge ni. Allon lantarkin da ke sarrafa makullan ya yi baƙin tabo kamar an ɗiga masa garwashi, batirin nan mai bolt 12 ya kumbura har murfinsa ya tsage. Girman kai ya sa na fara kiran sabon kamfanin. Mutumin ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce sai da safe, kuma ko sun zo ba gyara za su yi ba. Ba su da bayanan ma'aikatanmu, ba su san wace waya ta tafi wace ƙofa ba, katunanmu kuma ba za su karantu a na'urorinsu ba. Sai dai a tsige komai a sa sabo. Na tambaye shi ko zai samo min allo irin namu, ya yi wata 'yar dariya ya ce in na yi sa'a, watanni. Ban ga laifinsa ba. Lokacin ne duniya ke fama da ƙarancin ƙananan kwakwalwan lantarki da ya biyo bayan korona, wanda har manyan kamfanonin mota ya sa suka dakatar da aiki a masana'antunsu.

Haka na haɗiye yawu na kira injiniyan tsohon kamfanin, mutumin da wata uku kafin nan na gaya wa baƙar magana a gaban yaransa. Bai tuna min ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Akwatin hawa na ƙasa ne ko na hawa na uku?" Kafin ƙarfe ɗaya ga shi ya iso a jiƙe sharkaf, riƙe da wata leda mai ruwan azurfa. Abin da har yau ke tsaye a raina shi ne rubutun da ke jikin ledar: sunan gininmu, an rubuta da alƙalamin maka, har tawadar ta fara koɗewa. Na ce, "Injiniya, wannan fa?" Ya ce tun da masu ƙera allon suka fara jan kwanakin kawo kaya, ogansu ya sa aka ware allo ɗaya-ɗaya aka ajiye wa duk ginin da ke da kwangilar kulawa da su. Wato kuɗin nan da nake ƙorafi a kai, wani ɓangarensa yana kwance a kan kanta da sunanmu, ni ban sani ba.

Ya ciro wani tsohon littafi mai bangon kwali, zanen wayoyin ginin ne da hannunsa tun 2017, kowace waya da lambarta. Ya kwance ƙonannen allon, ya ɗaura sabon, ya jona kwamfutarsa ya zuba bayanan da ashe duk zuwan da suke yi na "hura ƙura" sai sun kwafa sun tafi da su. Ban tsaya duba agogo ba, amma bai kai awa ɗaya ba na ji ƙas! ƙofar baya ta kama. Ya miƙo hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, kawo katinka." Fitila ta yi kore. Da safe ma'aikata sama da 300 suka shigo, babu wanda ya san an kwana ana fama. Takardar sabon kamfanin kuwa a ranar na yaga ta.

Akwai kuma maganar waya, ita ma sai daga baya na gane. A 2017 injiniyan nan ya dage sai an ja wata waya mai murɗaɗɗun zaruruwa wadda ta fi tsada, na yi ta mita. Na'urorin karanta katinmu na lokacin da tsarin Wiegand suke magana da allon, tsohon tsari ne da ke aika lambar kati tsirara, duk wanda ya kwance na'urar ya maƙala wani ɗan abu a wayar zai iya ɗaukar lambobin. Da muka tashi komawa sabon tsarin da ake kira OSDP, wanda ke iya ɓoye saƙon kuma ya zama ma'aunin duniya a 2020, ba a fasa bango ko ɗaya ba. Wayar da sabon tsarin ke buƙata na nan tana jira.

To amma fa tunda na taɓo wannan, raina ya sake ɓaci. Mutanen da suka hango maganar waya, su ne kuma suka sa mana katunan 125 kHz a ƙofar wurin ajiye motoci, katunan da ba su da wani sirri, lamba ce kawai suke faɗa wa duk na'urar da ta tambaya. Ba su gaya min ba sai da wani yaro a sashen kwamfuta ya kwafi katina cikin daƙiƙoƙi da wata 'yar na'ura da ta shige tafin hannu, ya buɗe ƙofar yana min murmushi. Da na tuhume su sai suka ce ai ni na ce a rage kuɗi. Na ce a rage kuɗi, ban ce a bar ƙofa a buɗe ba! Da suka zo sauyawa ma sai da suka fara kawo min maganar wasu katuna da ake kira MIFARE Classic, alhali tun 2008 masu bincike a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan suka nuna yadda ake fasa sirrinsa. Sai da na nuna na sani sannan aka koma katunan DESFire, waɗanda sirrinsu ya fi ƙarfi. Wanda kuka shekara da shekaru tare bai kamata ya jira ka kama shi ba kafin ya faɗa maka gaskiya.

Babban abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne mabuɗin sirrin katunan, wato lambar sirrin da ake haɗa kowane kati da ita kafin ya buɗe ƙofofinmu. Yana hannunsu. Kalmar sirrin babban mai kula da manhajar ma tana hannunsu. Ko kati goma nake so, dole ta wajensu, a kan farashin da suka ga dama. Duk lokacin da na nema sai a ce, "Za mu duba da oga." Wani lokaci ina zaune sai in tambayi kaina: zaman amana muke yi, ko an ɗaure ni ne da igiyar da ban gani ba? Sabon kamfanin nan da ya kasa taimakona a daren, rabin dalilin gazawarsa ai waɗannan ne suka riƙe komai. Sannan duk sanin ginin nan a kan mutum ɗaya yake da littafinsa mai bangon kwali. Ranar da ya samu wani aiki ya tafi, ban san me zai rage ba, don yaran da suke turowa idan ba ya nan sai sun kira shi a waya kafin su taɓa ko sukurudireba.

Ƙananan gyare-gyare kuma sai ka yi ta bi. In abu ya ƙone suna zuwa da gudu, in ƙofa ce ke ƙara ko tana jan ƙafa wajen rufuwa, mako biyu ba komai ba ne a wajensu.

Na sabunta kwangilar, shekara uku. Amma wannan karon na sa an rubuta cewa za su ba mu kwafin bayanai duk wata, da hoton kowane shafi na littafin nan, da mabuɗin katunan a rufaffen ambulan da za a ajiye a sef ɗinmu. Kwafin bayanan yana zuwa. Hotunan littafin injiniya da kansa ya turo min washegari. Ambulan ɗin ne har yau shiru, an ce oga ya yi tafiya. Tauraro huɗu na yi niyyar ba su saboda daren nan, amma yanzu haka ina jin ƙofar hawa na uku tana ta ɗin-ɗin-ɗin tun safe, kwana tara ke nan da na kai rahotonta. Uku da rabi.