Masaukin ɗaliban waƙa a ƙasar waje: yadda makon ƙarshe yake

Saukar da ɗalibin waƙa a gidan wasu iyali tsari ne mai kyau, amma a makon ƙarshe ake gane ingancin kamfanin da ya shirya shi. Na kirki yakan sa ranar duba ɗaki da miƙa makulli bayan jarrabawar waƙa, domin ƙurar kwashe kaya da rashin barci suna dusashe murya. Inda wasu suke kasawa shi ne kuɗin ajiya, wato kuɗin jinginar da ɗalibi ya bayar tun farko wanda ake mayar masa idan zai tashi: sai su riƙe har ɗalibi ya rufe asusun bankinsa ya tafi. A nemi ranar mayar da kuɗin a rubuce. Littattafan waƙa kuma nauyi gare su, akwatin jirgi kuwa yawanci kilo 23 ne iyakarsa, gara a aika su ta gidan waya da wuri.