Wane littafi za a saya wa yaro a dogon hutu?

Da an raba wa yara sakamakon zango na uku a ƙarshen Yuli, gidajen Bauchi kan cika da hayaniya har sai Satumba ta kama. Damina ce, ruwa yakan tsare yara a ɗaki rabin yini. Akwai Islamiyya, wasu an sa su lesin, wasu an tura su ƙauye taya kakanni noma, amma duk da haka lokaci yana raguwa da yawa, kuma yaron da ba a ba shi abin riƙewa ba, wayar uwarsa zai riƙe. Na daɗe ina koyarwa a firamare, har yau kuwa iyaye ba su fasa tare ni a hanya ba: "Malama, wane littafi zan saya masa?"

Abin da nake fara gaya musu shi ne su tafi shagon da yaron. Littafin hutu ba na jarrabawa ba ne, babu malamin da zai tsaya a kansa da bulala. In bai ja shi ba, zai ajiye shi a shafi na huɗu, kuɗinka sun tafi a banza. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan ma'auninsa ɗaya ne: yaron zai kai ƙarshensa da kansa?

Ga ɗan shekara 6 zuwa 9, ban ga abin da ya kai tatsuniya ba. Gizo da Ƙoƙi, Ɓotorami, 'yar bora da 'yar mowa, duk yaro ya riga ya ji su a bakin kaka ko yaya, don haka idan ya gan su a rubuce ido yana bin abin da kunne ya sani ne, karatun sai ya zo da sauƙi. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irinsu a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, ƙananan littattafai shida, tun farkon shekarun 1970. In ka ci karo da su, kada ka bari su wuce ka. Aibinsu ɗaya, yaro mai ƙwazo zai cinye guda a kwana biyu, sai ka sayi biyu ko uku, ka kuma sa shi ya riƙa karanta wa ƙannensa bayan sallar isha'i. Kishiyarsu a wannan shekarun su ne littattafan hotuna na gwanjo da ake shigowa da su daga Ingila da Amurka. Takardarsu mai kauri ce, launinsu na ɗaukar ido, suna jure hannun yara. Sai dai labarin dusar ƙanƙara da karen da ke kwana a gado bai cika zama a ran ɗan unguwar Jahun ko ta Gwallaga ba, sau da yawa hotunan kawai yake kallo ya rufe. Ɗaya ya isa.

Inda zaɓi yake da wuya, kuma inda ya fi daɗi, shi ne ɗan shekara 10 zuwa 13. A nan tsofaffin littattafan Hausa da aka buga a Zariya suke shigowa, kuma uku daga cikinsu ne iyaye suka fi ambata, suna ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, littafi uku ne. A na farko, aku ne yake ta ba ɗan sarki labari dare bayan dare don ya hana shi fita, yana kare shi daga makircin waziri. Wannan tsarin shi ne alherinsa ga yaron da bai saba dogon karatu ba: kowane labari gajere ne, yana iya gama shi kafin a kira shi aike, amma son sanin yadda za a ƙare da wazirin yana komo da shi gobe. Abin da zai ba shi wahala shi ne kalmomin fada da na yaƙi. Yaron da ya tashi a cikin gari yau bai san lifidi ba, bai san sulke ba, zagi ma zai ɗauka ashar ake nufi. Ni ban ɗauki wannan aibi ba. Wata ɗalibata takan rubuta irin waɗannan kalmomi a bayan littafin aikinta, ta kai wa kakanta da yamma a zaure, tsohon ya yi ta bayani har ya zarce da labarin hawan sallar zamaninsu. Shawarata a sayi na ɗaya kawai tukuna. In ya gama ya nemi na biyu da bakinsa, to kuɗin sun yi rana.

Ruwan Bagaja, shi ma na Imam, ya fi gajarta kuma ya fi ban dariya. Rabin daɗinsa yana cikin zambar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke shirya wa juna gari bayan gari. Shi nake ba yaro mai ƙiriniya wanda ya rantse ba ya son karatu. Amma ramuwar gayya ta yi yawa a cikinsa, ya kamata babba ya zauna da yaron su yi hira a kai in ya gama.

Shaihu Umar kuwa namu ne na gida. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makarantar Midil ta Bauchi, ya shigar da shi gasar rubutun da wani Baturen ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja, aka buga su a 1934. Labarin ma a Rauta yake buɗewa, nan kusa da Bauchi, inda Shaihu Umar ɗin yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Siriri ne, wanda ya gan shi zai ce na ƙananan yara ne, alhali ya fi sauran biyun nauyi nesa ba kusa ba. Labarin bauta ne: yaron da aka sace, aka ƙetare hamada da shi, da uwar da ta bar komai ta bi sawunsa. Ba na ba wanda bai kai 12 ba, kuma yaro mai saurin kuka gara a bari ya ƙara girma. Wanda ya isa kuwa, a ba shi, in ya gama a kai shi ziyara kabarin marubucin a nan cikin gari. Ya san mutumin da ke jikin naira biyar, Firayim Ministan da aka kashe a 1966, ya taɓa zama malamin makaranta da alli a hannu, ya zauna ya rubuta labari da Hausar da yake ji a gida.

Na san iyaye da yawa Turanci suke so, saboda jarrabawar shiga sakandare da ta ƙaramar sakandare duk da shi ake yi. Ba su yi laifi ba. Kuskuren shi ne a ɗauko abin da ya fi ƙarfin yaro don a ce yana karanta babban littafi. Ga gwajin da nake yi a aji: a buɗe tsakiyar littafin, yaro ya karanta shafi ɗaya a bayyane, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa. In hannu ya dunƙule kafin shafin ya ƙare, a mayar, ba na bana ba ne. In ko yatsa ɗaya bai lanƙwasa ba, ya yi masa sauƙi, amma a hutu wannan ba illa ba ce. Cikin na Turanci na fi son na marubutan ƙasar nan. Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, labarin yaro ne a Anaca mai burin ƙetare kogin Kwara, Turancinsa a miƙe yake, ya dace da ɗan aji biyar ko shida. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, na 1960, a Arewa aka gina shi, da Kano da jirgin ƙasa da sunayen da yaro ya sani, sai dai akwai faɗa da zubar da jini, na ɗan sakandare ne. Wanda aljihunsa ya ba shi dama ya haɗa biyu, Hausa ɗaya Turanci ɗaya, ya bar yaron ya fara da na Hausar.

Littattafan soyayya da suka cika teburan kasuwa, da waɗanda ake turawa ta WhatsApp, don manya aka rubuta su. Akwai masu kyau a ciki, amma kada uwa ta miƙa wa 'yarta ɗaya sai ta karanta shi da kanta daga farko har ƙarshe.

Saura maganar bugu, wadda ta taɓa cin kuɗina. Wata shekara na sayi littafi wurin wani mai shimfiɗa kaya a bakin titi, don ya fi na shago araha sosai. Ɗan ƙanena ya yi kwana huɗu yana manne da shi, rana ta biyar ya zo min rai a ɓace: "Gwaggo, labarin ya yanke." Na duba, shafuka goma sha shida babu, an maimaita na baya a gurbinsu. Na koma washegari, mai kayan ya tashi. Abin da ya fi yi min ciwo, yaron bai ƙara taɓa wani littafi ba har hutun ya ƙare. Jabun bugu ke nan, kuma ana gane shi: takarda shara-shara har rubutun baya yana leƙowa, tawada ta dushe a wani shafi ta yi dabbare a wani, hotuna sun koma baƙi ƙirin, gam ɗin yana sakin ganye da an buɗe sosai. A na Hausa a duba ƙugiyar haruffa, domin in ta goge, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, mai koyon karatu ya rikice. Ko a Kasuwar Wunti kake ko a shagon littattafai, ka tsaya ka bi lambobin shafi daga farko zuwa ƙarshe, minti biyu ne. Tsohon bugu na asali da wani ya riga ya karanta ya fi sabon jabu, in dai shafukansa sun cika. In an kawo gida a yi masa bango da tsohuwar kalanda, a ajiye shi nesa da taga, danshin Agusta ba ya barin takarda.

Hutun da ya biyo baya na tafi da yaron nan shago da kansa. Na zaɓo uku na jera masa a kan kanta, na koma gefe muna gaisawa da mai shago. Ya ɗaga na farko ya ajiye. Na biyu ya buɗe, ya jingina da bango, leɓɓansa suna motsi. Mai shagon ya ce, "Hajiya, a kawo masa wani ne?" Na ce a'a, a ƙyale shi. Sai da na biya kuɗi, na karɓi canji, na kira shi sau biyu, sannan ya ɗago, yatsansa a tsakanin shafuka don kada wurin ya ɓace masa. A cikin Keke Napep ma bai rufe shi ba har muka iso gida.