Gargaɗi: Masu Sayar da Maɗaurin Agogo na Roba da Sunan Fata

Jama'a, duk mai agogon da yake ji da shi ya saurara. Akwai wata damfara da ta yi kaka-gida a tallace-tallacen intanet, irin waɗanda ke faɗo wa mutum a Facebook ko Instagram da zarar ya taɓa neman wani abu da ya shafi agogo. Shago ne wanda ba a san inda yake ba, mai suna irin na mutanen Italiya ko Faransa, da hoton wani dattijo sanye da tabarau yana ɗinki a kan tebur. Za a ce maka tsufa ya kama shi, zai rufe shago, shi ya sa ake karyar da sauran kaya. A gefe guda kuma ana ƙirga maka mintunan da suka rage kafin rangwamen ya ƙare. Rufe shafin ka dawo gobe, za ka tarar ƙirgen ya koma farko, dattijon kuma yana nan bai rufe ba. Sau da yawa ma babu shi a duniya, kwamfuta ce ta zana fuskarsa.

Abin da suke sayarwa maɗaurin agogo ne, kuma sun zaɓi hajar da ta dace da sana'arsu. Ƙaramin abu ne, yana shiga ambulan, kuma a hoto ba ka ganin komai sai samansa. Nan ne duk wayon yake.

Maɗaurin fata yawanci hawa uku ne: fatar sama da ido ke gani, ciko a tsakiya da ke ba shi kauri, sai shafi na ciki wanda ke kwanciya a jikin mutum. Ita kanta fatar saniya tana da kauri sosai, don haka a masana'anta ake tsaga ta gida biyu ko fiye. Ɓangaren sama, inda gashi ya fito, shi ne mai ƙarfi domin zaruruwansa a matse suke. Na ƙasa sako-sako ne, ba shi da fuska, sai an shafa masa roba an buga masa zane da injin kafin ya yi kama da fata. Ƙasa da wannan akwai wanda ake haɗawa da ragowar yanke-yanke: a niƙe su, a kwaɓa da gam, a shimfiɗa a kan ƙyalle ko takarda, a rufe da roba. Daga nan sai wanda babu ko ƙwayar fata a jikinsa, robar da ake kira PU ce kawai a kan ƙyalle. Dukansu huɗun, in aka ɗauke su hoto da haske mai kyau, kusan ba za ka bambance su ba.

Bambancin sai an ɗaura yake fitowa. Zufa da zafin jiki suna cinye irin wannan roba. Wurin da ake lanƙwasawa a kan ƙarfe shi ke fara tsagewa, sai fuskar ta soma saɓulewa tana barin fari-fari, ramin da kake yawan sa wa ya buɗe ya yi tsawo, gefe ya rabu biyu. Fata ta gaske ita ma tana tsufa, amma duhu take yi, ta yi laushi, ta bi siffar hannu. Ba ta ɓarewa.

To kada rubutun da aka buga a bayan maɗauri ya ruɗe ka. “Genuine Leather” ba daraja ba ce, iyakar abin da yake nufi shi ne akwai fata a wani wuri a jikin kayan, kuma na'urar buga shi kowa na iya saye. Wata dabarar da na fi jin haushi ita ce a sa siririyar fata ta gaske a ciki, a buga mata wannan rubutu, saman kuwa roba zalla. In ka yi ƙorafi sai a ce ai ba su yi ƙarya ba.

Inda suka fi cin kasuwa shi ne fatun da ake kira masu tsada. Yawancin abin da ake tallatawa da sunan kada fatar saniya ce, ko roba, da aka danna wa zane da ƙarfe mai zafi. Wannan ba laifi ba ne in an faɗa, manyan kamfanoni ma suna yin sa kuma suna rubutawa ƙarara. Laifin shi ne a karɓi kuɗin kada a ba ka bugu. Duba hotunan da kyau. Ba a taɓa samun kada biyu masu zane iri ɗaya ba, saboda haka in ka ga baƙi da ja da shuɗi duk ɓawonsu ya faɗa wuri guda, layi kan layi, to ƙarfe ɗaya ne ya buga su. A ta gaske, tsagin da ke tsakanin ɓawo da ɓawo yana da zurfi kuma yana da laushi, girman ɓawon yana canzawa a hankali daga wannan kai zuwa wancan. Akwai kuma masu sayar da fatar ƙaramin kadan Kudancin Amurka, wanda ake kira kaiman, da sunan aligeta na jihar Luwiziyana. Dukansu dabbobi ne na gaske, amma kaiman yana da ƙashi-ƙashi a cikin ɓawonsa, yana da tauri, yana saurin tsagewa in an lanƙwasa, kuma darajarsa ba ta kai ba. Haka jimina: a ta gaske kowane ƙullutu gurbin gashi ne, da ɗan rami a tsakiyarsa, kuma ba a jere suke reras ba.

Ga wata tambaya da ke tona su nan take. Duk nau'o'in kada suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kula da cinikin namun daji da kayansu tsakanin ƙasashe, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973 ta fara aiki a 1975, kuma mai fatauci ba ya fitar da kayan fatarsu daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izini. Mai sana'ar gaske ya san wannan tun kafin ka tambaya, wasu ma za su gaya maka ba sa aikawa ƙetare saboda wahalar takardun. Wanda ya ce zai turo maka kada zuwa ko'ina a duniya kyauta cikin ambulan, bai kuma taɓa jin sunan CITES ba, ɗayan biyu ne: ko ba kada ba ne, ko kuma kada ne da kwastan za su iya riƙewa. Kowanne ne, kai ke da asara.

Sai aron sunan manya. Za ka ga an rubuta Horween, wato majemar nan ta Shikago da aka kafa a 1905, ko a ce kodoban ne. Kodoban ba fata ba ce kamar sauran. Wani ɓangare ne mai matsatsin zaruruwa da ake samu a ƙugun doki, ɗan faifai biyu kacal a kowace dabba, kuma a Horween aikinsa yana cin aƙalla wata 6. Masu yin sa a duniya ba su da yawa. Alamarsa ita ce ba ya yin ƙananan tamoji in an lanƙwasa, sai dai ya yi tudu-tudu mai santsi. Wanda ke da shi launi goma, kowane awo, dubbai a ajiye, kuma a karye, ka san zancen banza ne. Haka masu cewa jimar Italiya ce ta ɓawon itace. Majeman yankin Taskani masu wannan aiki suna da ƙungiya tun 1994, suna kuma ba da katin shaida mai tambarin tafin hannu da lamba. Ka nemi a nuna maka. Masu agogon Apple su ma su lura: tun watan Satumban 2023 kamfanin ya sanar ya daina amfani da fata a sababbin kayansa, don haka mai cewa yana da sabon maɗaurin fata da ya fito daga masana'antar Apple don agogon bana, ya yi bayani tukuna.

Mutane suna yawan ba da shawarar a shinshina, ko a ɗiga ruwa a ga ko zai shige, ko a kusanta ashana. Ni ban ba waɗannan muhimmanci sosai ba. Ana fesa wa roba turaren da ke ƙamshin fata. Fata ta gaske da aka rufe fuskarta da fenti ba ta shan ruwa nan da nan, sai ka zargi mai gaskiya. Wuta kuwa, ka ƙona kayan ka kuma rufe wa kanka ƙofar mayarwa. Kuma duk waɗannan sai kaya sun iso, bayan kuɗi sun tafi.

Abin da ya fi aiki shi ne tun kafin ka biya ka ce a ɗauko maka bidiyon ainihin maɗaurin da za a turo, a juya bayansa, a lanƙwasa shi, a kawo kyamara kusa da ramukan. Ramin nan shi ne tagar da ba su iya rufewa, domin a nan aka huda dukan hawa ukun. In fata ce za ka ga zaruruwa masu gashi-gashi, launin ƙasa in jimar ɓawon itace ce, ko toka-toka mai ɗan shuɗi in jimar sinadarin kurom ce. In ka hango farin soso, ko saƙar ƙyalle, ko wani abu kamar kwali, ka gama gane komai. Fentin gefe shi kaɗai ba shaida ba ne, domin ƙwararrun dukawa ma suna shafa shi, amma mai gaskiya ba ya jin tsoron gaya maka me ke ƙarƙashinsa, wace dabba ce, wace majema, da me aka yi shafin ciki. Ɗan damfara zai amsa maka da “kaya ne mai inganci, yallaɓai” ya sake turo hoton da ka riga ka gani. Ɗauki hoton nan ka sa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet. Sau da yawa za ka same shi a shafin wani baduku na gaske da aka sata, ko a shaguna barkatai masu sunaye daban-daban da dattijai daban-daban.

Shafin ciki ba abin wasa ba ne, tunda shi ke manne da jiki yini guda cikin zufa. Fatar da aka jeme da kurom ba tare da kulawa ba tana iya ɗauke da nau'in sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, har Tarayyar Turai ta kafa masa iyaka tun 2015: kada ya kai miligiram 3 a kowane kilo na fatar da ke taɓa jiki. Kan ƙarfen ma in na banza ne da aka yi wa ruwan ƙyalli, ruwan na gogewa ya bar nikel yana cin fatar hannu. Shagon da ba shi da adireshi babu hukumar da za ta tambaye shi.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na kira abin damfara, ban tsaya a cewa kaya ne mara kyau ba. Sun tsara yadda kuɗinka ba za su dawo ba, kuma da awo suke fara kama mutum. Faɗin maɗauri ana auna shi ne da milimita a tsakanin kunnuwan agogo biyu, galibi 18 ko 20 ko 22, wasu agogunan kuma 19 ko 21. Tsawonsa ana rubuta shi gida biyu, misali 115 da 75, ban da kan ƙarfe. Su kuwa sai su rubuta “yana shiga kowane agogo”, wanda ƙarya ce tsagwaronta. Ka sa 20 a gurbin 21, giɓi zai bayyana, maɗaurin ya riƙa zamewa yana taɓa fil ɗin mai sifirin da ke riƙe da shi. Fil ɗin da suke haɗowa kyauta kuma siriri ne, sifirinsa ba ƙarfi, ranar da ya kuɓuce agogon ne zai sha ƙasa. In ka tura 22 cikin 20 da ƙarfi, gefen ya murje, sai su ce ka lalata kaya, ba a karɓa.

In kuma ka dage, sai a shiga ja maka rai. Yau a ce ka turo hoto, jibi a ce wani hoton, sannan a ce an miƙa wa manaja. Daga baya a yi maka tayin mayar da ɗan wani kaso ka riƙe kayan. Ka ƙi, sai a ce to ka aika shi wani ɗakin ajiya a wata ƙasa mai nisa, da kuɗinka, alhali kuɗin aikawar ya fi na maɗaurin. Lokaci suke ci, domin kowace hanyar biya tana da wa'adin shigar da ƙara. A PayPal, dandalin biyan kuɗi ta intanet, misali, kariyar mai saye ba ta shafi kuɗin da aka tura ta zaɓin 'yan uwa da abokai ba, shi ya sa suke roƙon ka bi ta nan, ko ka tura kai tsaye asusun wani mutum, wai don a ƙara maka ragi. Duk wanda ya janye ka daga dandalin da ka gan shi zuwa hira ta sirri kafin biya, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Wanda bai saya ba tukuna ya auna tsakanin kunnuwan agogonsa da rula, ya auna wuyan hannunsa da zare, ya karanta sharaɗin mayar da kaya ya ga ko akwai adireshi na gaske, ya kuma biya ta hanyar da za a iya janye kuɗi. Wanda ya riga ya faɗa kuwa, kada ya tsaya jiran manajansu. Ya ɗauki hoton tallar da alkawuran da ke cikinta yau ɗin nan kafin a goge shafin, ya ɗauki hoton ramukan da inda ya ɓare, ya shigar da ƙara wurin bankinsa ko dandalin da ya biya ta ciki da hujjar cewa kayan ba su ne aka siffanta ba, sannan ya kai rahoton tallar. Kuma ya cire fil ɗinsu daga jikin agogonsa ya mayar da na asali.