Shirin kauce wa ƙibar Babbar Sallah a wani ɗakin motsa jiki na Birnin Kebbi

A cikin garin Birnin Kebbi akwai wani ɗakin motsa jiki da ya ɓullo da shiri na musamman domin Babbar Sallah, inda mutum zai yi rajista tun kafin kamawar watan Zulhajji, a auna shi, sannan a ci gaba da bibiyarsa har zuwa lokacin da soyayyen naman layya zai ƙare a gidaje. Na shiga shirin a bana, kuma ina ganin ya cancanci a yi bayaninsa dalla-dalla, domin matsalar da yake ƙoƙarin magancewa ta shafi duk ma'aikacin da ke wuni a kan kujera, sannan Sallah ta zo ya bi gidajen 'yan uwa da surukai, kowane gida a ajiye masa kwanon nama, ya kuwa san ƙin ci zai zama abin magana.

Kayan aikin wurin ba su da yawa. Akwai na'urorin tafiya, da kekunan motsa jiki, da ƙarafan ɗagawa, da tabarmin roba, kuma ana share ɗakin ana goge kayan kullum. Wanda ya je neman ƙawa ba zai same ta ba. Darajar wurin tana ga mai horarwar, wani matashi mai natsuwa wanda ya san abin da yake faɗa.

Ranar farko, bayan ya ɗora ni a kan sikeli ya rubuta nauyina, sai ya ɗauko zare ya auna tsayina daga ƙasa zuwa tsakar kai, ya yanke, ya ninka shi biyu, ya ce in zagaya shi a ƙuguna, kaɗan sama da cibiya. Bakin zaren biyu ba su haɗu ba, da sauran tazarar kamar yatsu uku. Ya ce, "Alhaji, ƙa'idar ita ce kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsayin mutum. Wannan tazarar ita ce aikinmu, kuma a watan Sallah burinmu kawai kada ta ƙaru." Wannan ma'auni sananne ne a wajen masana lafiya, saboda kitsen da ke taruwa a tumbi shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini, kuma na yaba da yadda ya mayar da shi abin da kowa zai iya yi a ɗakinsa ba tare da kashe ko sisi ba. Na kuma yaba da cewa bai yi mini alkawarin ramewa cikin mako biyu ba, kamar yadda masu tallar magunguna ke yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyar da ya faɗa mana game da iyakar amfanin motsa jiki, duk da cewa da shi yake cin abinci. Ya bayyana cewa giram ɗaya na mai ko kitse yana ɗauke da kalori 9, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 ne kacal, don haka babban cokali ɗaya na man gyada ya kai kimanin kalori 120, kwatankwacin abin da mutum zai ƙone idan ya yi tafiyar sauri ta kusan rabin sa'a. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kaskon suyar layya, ya ga yadda tsokar rago ke nutsewa cikin kitsenta da mai har ta yi baƙi-baƙi, ya san cewa 'yan yankan da ake tsinta ana hira sun wuce cokali ɗaya nesa ba kusa ba. Ma'ana, gumin safiya ɗaya ba zai biya bashin kwanon yamma ba, dole sai an gyara daga bakin tukunya.

Shawarwarin abincin da ya bayar duk daga cimarmu aka ɗauko su, babu zancen wani ganye da sai an yi odarsa daga Abuja. Ya ce a ware wani kaso na naman a gasa ko a yi farfesunsa a kwashe man da ya taso, maimakon a soye shi duka. A tsane soyayyen a kwando kafin a adana. A zuba abin da za a ci a ƙaramin faranti a rufe sauran, kada a zauna da babban kwano a gaba. Ya ce idan tuwon shinkafa ne ko waina, a rage malmala a ƙara kwaɗon zogale ko rama, sannan bayan kwanakin Sallah a riƙa sauya nama da kifi, wanda Allah ya hore mana daga Yawuri da Argungu. Ya ambaci shawarar masana cutar daji ta duniya cewa jan nama dafaffe kada ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako, adadin da da yawa daga cikinmu ke cinyewa a wuni guda na Sallah. A nan wani dattijo daga cikinmu ya tunatar da mu cewa malamai sun so a raba naman layya, a ci, a yi kyauta, a yi sadaka, kuma wanda ya bi wannan tsari da gaske abin da zai rage masa na suya ba zai yi yawa ba.

A kan abin sha mai horarwar ya fi tsanantawa, kuma ina ganin yana da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin wuni, wato kimanin giram 50 ko cokalin shayi 12 ga babban mutum, alhali kwalbar lemo guda takan cinye fiye da rabin wannan. Zoɓo da kunun aya da furar da aka cika wa sukari ma ba su tsira ba.

Da muka koma awo bayan Sallah, wasu sun firgita ganin sikeli ya haura da kilo ɗaya ko biyu, sai ya kwantar musu da hankali cewa mafi yawansa ruwa ne da gishiri da sitaci suka riƙe a jiki, kuma zai sauka cikin 'yan kwanaki. Haka kuwa aka yi a wajena, zaren ma bai ƙara tazara ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2000 ya gano cewa abin da mutane ke ƙarawa a lokacin bukukuwansu na ƙarshen shekara bai kai rabin kilo ba, sai dai akasari ba ya sauka, yana taruwa ne shekara bayan shekara. Mu da ke da Sallah biyu da bukukuwan aure a tsakani, wannan ya isa dalilin bibiyar awo.

Akwai inda wurin ya gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Lokacin da aka ware wa mata gajere ne ƙwarai, kuma ya faɗo da hantsi, daidai sa'ar da mafi yawansu ke wajen aiki ko a madafa, ga shi mai horar da su ba kullum take zuwa ba. Idan wuta ta ɗauke, janaretan ba ya iya ɗaukar na'urorin tafiya da fankoki a lokaci guda, zafin Birnin Kebbi kuwa ba abin wasa ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne shayin rage ƙiba da aka jera ana sayarwa a teburin karɓar kuɗi, wanda ya saɓa wa duk abin da ake koyarwa a ciki. Ya kamata masu wurin su kwashe shi. Haka nan ba a auna hawan jini kafin a ɗora mutum a kan na'ura, alhali cikinmu akwai waɗanda suka haura shekara 50.

Kuɗin watan zai yi wa ƙaramin ma'aikaci nauyi, musamman a watan da ya sayi rago. Wanda ba shi da hali zai iya cika minti 150 na motsa jiki a mako, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa manya, ta hanyar tafiyar sauri ta minti 30 bayan sallar asuba kwana biyar, ko a unguwarsa ko a kewayen filin wasa na Haliru Abdu. Wanda kuwa yake da hali, kuma ya san ba ya ɗorewa sai da mai sa masa ido, ina ba shi shawarar ya yi rajista tun watan Zulƙida, amma mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likitansa kafin ya je.