Gudu a Hanyar Daji ko a Kan Kwalta, Bayan Shekara 50?

Wanda ya haura 50 yana neman rage ƙiba, gwiwarsa ce alƙali. Kwalta a shimfiɗe take, amma taku iri ɗaya ne, kullum gaɓa guda ke shan dukan. Hanyar daji kuwa ƙasarta da laushi, ƙafa na sauya yadda take sauka tsakanin saiwa da tsakuwa. Sai dai hankali ya ɗauke kaɗan, sai targaɗe. Gangara ma ta fi hawa cin cinya, washegari za ka ji a jikinka.

Wajen ƙona kitse bambancin ba yawa: mai kilo 90 yana ƙona kusan kalori 90 a kilomita guda, tudu ya ɗan ƙara. Ni dai daji na zaɓa, in taka a hawa, in yi sassarfa a fili.